Zaman da Kakana Ya Ɗage

Duk inda na ji ƙamshin ruwan rake yana tafasa, zauren gidanmu na Nasarawan Doya nake tunawa, da kakana zaune a kan buzunsa. Ban sani ba ko ka taɓa zama da tsohon da ya yi kansila sau ɗaya a rayuwarsa. In ka taɓa, ka san labarin ba ya ƙarewa. Namu bai daɗe a kujerar ba, amma ya dawo gida da bakin 'yan majalisa. Ko miya ce gishiri ya yi wa yawa, sai ya ce zai gabatar da ƙorafi. Kakata takan ce ya gabatar, tana nan tana jira.

Muna yi masa dariya a ɓoye har shekarar da babana da ƙanensa, baffana, suka ɓata. Gandu ɗaya suke nomawa, fadamar rake ce, ga injin matsa da doki ke ja, ga tukwanen dafa mazarƙwaila. Baffa yana ganin shi ke shan hayaƙi, yayansa kuwa yana kasuwar Makarfi cikin farar riga. Ya ce a raba, ya sayar da rabonsa ya koma birni. Ni ba fadamar ce ta dame ni ba. Zai tafi da 'yarsa, wadda muke cin tuwo a kwano ɗaya, kuma na yi kuka ba kaɗan ba.

Aka zauna a zaure bayan la'asar, mu da iyayenmu mata muna jin komai daga tsakar gida. Magana ta yi zafi. Baffa ya miƙe ya ɗauko rantsuwa: "Wallahi daga yau, ni da Yaya..."

Kakana ya buga sandarsa a ƙasa. Kowa ya san in rantsuwar nan ta ƙarasa fita, ko an yi kaffara, zuciya ba za ta manta ba.

"Na ɗage zaman majalisar nan sai abin da hali ya yi," in ji shi. "Duk maganar da ke gabanta ta faɗi. Ni na ɗage, ni kaɗai zan sake kira."

Baffa ya ce, "Baba, nan fa gida ne, ba majalisa ba." Tsohon ya ce ba ya jin abin da aka faɗa bayan an tashi, ya zura takalmansa ya nufi masallaci. Ya bar su tsaye, babu wanda za su kai wa ƙara.

Lokacin sanyi ne, rake ya nuna, shi kuwa ba ya jiran kowa ya huce. Kakana ya tura baffa kasuwa, ya sa babana bakin wuta. Babana yakan dawo idanunsa jajur, baffa kuma muryarsa a dishe saboda jayayya da dillalai. Ba wanda ya ba wani haƙuri, amma na ga ranar da suka fara wanke hannu a ƙwarya ɗaya. Duk sanda baffa ya tambayi ranar zama, sai tsohon ya ce ana nazari. Haka ya yi ta nazari har Allah ya karɓi ransa. Ban taɓa ganin wayo mai tausayi irin nasa ba.

Yanzu injin fetur ya maye gurbin doki, rigimar dangi kuma ta koma cikin waya, inda babu mai sandar da zai tsayar da kowa. Bara yayyena da 'ya'yan baffa suka zo da maganar mai saye, suka ce a raba fadamar tun tsofaffin suna raye. Babana, wanda ganinsa ya yi rauni, ya juya wajen ƙanensa. Baffa ya gyara zama.

"Wanda ya ɗage zaman bai kira ba tukuna," ya ce. "Ku jira shi."