Kofi na Uku a Gidan Mutumin Sarajevo

Ko na tsufa na manta sunan titinmu, ba zan manta ranar da na je neman ɗaki wajen dattijon da ke kula da benenmu a unguwar Morris Heights ba. Matata na shirin tasowa daga Maraɗi, ni kuwa mu huɗu ne a ɗaki guda. Na ji an tashi daga wani ɗaki a hawa na biyu, kuma maganar dattijon ce kawai mai gida ke ji.

Mutumin Bosniya ne. Da na yi sallama ya amsa da fara'a, ya kawo gahawa a ɗan ƙaramin kofi. Idona ya faɗa kan hoton wani gari a bango, na yi kuskuren tambaya. Ai kuwa sai baki ya buɗe! Ya ce Sarajevo ce, babban birninsu, kwance cikin kwari, duwatsu sun kewaye ta, kogi ya ratsa tsakiya. Ya nuna mini gadar da aka harbe wani yarima, har yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Ya ce tun zamanin Turkawa masallaci da coci suke maƙwabtaka. Da ya zo kan shekarun da aka yi musu ƙawanya, sai muryarsa ta yi rauni, ni ma tausayi ya kama ni.

Mu dai a wajenmu, babbar buƙata sai an fito rakiya ake faɗa. Don haka na yi ta jira. Da ya kawo kofi na uku, tsararo kamar ruwan wanke tukunya, sai na gyara zama, don a shayinmu na uku shi ne na hira. Ashe a wajensu ita ce gahawar sallamar baƙo! Ina jiran rakiya, yana jiran in tashi, har la'asar ta kusa kuɓuce mana.

Ƙarshe ya gaji ya ce, "Maƙwabci, don Allah me ya kawo ka?"

Na ce, "Baba, ɗakin hawa na biyu. Iyalina na tafe."

Ya dafe kai. "Ai wani zai zo gani da yamman nan! Me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

Da kowa ya bayyana al'adar garinsu, muka yi dariya har da hawaye. Nan take ya kira mai gida, ɗakin ya zama namu.

Tun ranar na gane kunyar gida ba ta aiki a ƙofar kowa. In buƙata ta kai ka wajen wanda ba ɗan garinku ba, ka gaisa, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka.