Baƙin Barci: Ta'aziyyar Dakta Hisham Sa'id

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyar ga watan Afrilu na shekarar 2025, Allah ya karɓi ran Dakta Hisham Sa'id a wani asibiti a nan Maiduguri, bayan jinyar ƙoda da bai bari yawancinmu mun san zurfinta ba. An yi masa sallah bayan la'asar a ƙofar gidansa da ke Fezzan, aka kai shi makwancinsa a Gwange. Ya bar matarsa Hajiya Zaratu da 'ya'ya huɗu. Ya kuma bar wani bincike da ya sha shekaru yana yi, wanda har ya tafi mutanen gari ba su gama yi masa dariya a kai ba.

Dakta, ni ne Kashim, abokinka tun muna 'yan sakandare, wanda yake taɓa ka da gwiwar hannu idan malamin lissafi ya hango kana gyangyaɗi. Da ka girma ka karanta ilimin halayyar ɗan Adam, ka ce kuma a kan barci da mafarki za ka yi aikinka, ban yi mamaki ba ko kaɗan. Cewa na yi Allah ya haɗa ka da sana'ar da ka iya tun kana yaro. Ka yi dariya har ka riƙe ciki, kuma ba ka taɓa rama wannan zolayar ba, duk da kana da abin ramawa da yawa.

Bari in bayyana wa wanda bai san ka ba abin da kake nema. Akwai wani irin mafarki da mutum yakan gane, yana tsaka da barci, cewa mafarki yake yi. Bai farka ba, amma hankalinsa ya dawo, yana iya tsayawa, ya juya, ya yi magana da wanda ya ga dama. Da farko ka kira shi mafarkin ido biyu, sai aka yi ta cewa Dakta ya je jami'a ya karanto zaman banza, domin a bakin mutane mafarkin ido biyu shi ne burin malalaci. Daga baya ka koma cewa mafarkin sani. Mutanen da ake gani a cikin mafarkin kuwa ka sa musu suna baƙin barci, tambayarka kuma guda ce tak: su wane ne waɗannan baƙin? Wanda ka gani shi ne da kansa ya zo, ko zuciyarka ce ta ɗinka masa riga ta tsayar da shi a gabanka?

Ba ka taɓa ja da malamai a kan wannan ba. Kullum kakan ce sun riga sun faɗa mana mafarki iri uku ne, akwai na bushara daga Allah, akwai na firgitarwar Shaiɗan, akwai na zancen zuci. Kai dai so kake ka san yadda mai barci zai rarrabe su. Mutane kuwa ba su gane ba. Sai ka ga mutum ya yi sallama da sassafe ya ce ya yi mafarkin haƙorinsa ya fita, a fassara masa. Sai ka sa a kawo masa shayi, ka saurare shi har ya gama, sannan ka ce kai ba mai fassara ba ne, mai tambaya ne kawai. Wasu sun tafi suna ƙunƙuni, amma ban ji wanda ya ce ka wulaƙanta shi ba.

Ba don nishaɗi ka fara wannan aikin ba. A shekarun da garin nan ya cika da 'yan gudun hijira, kana cikin masu zagaya sansanoni, kuma abin da ka fi tararwa shi ne mutanen da suke tsoron rufe ido. Na tuna Madam Ketura, wata dattijuwa daga wajen Gwoza, wadda duk ta kwanta sai wani saurayi mai bindiga ya bi ta a guje, har ta rame ta koma kamar sanda. Ka yi watanni kana koya mata yadda za ta gane mafarki take yi. Ranar da abin ya kama, ta ce maka ta ja birki ta juya ta dubi saurayin ta ce, "Kai yaro, ba ka da uwa ne?" Sai ya sunkuyar da kai ya ajiye bindigar. Ta zo har gidanka da kaza a hannu, ka ƙi karɓa, ta ƙi tafiya da ita, a ƙarshe Hajiya Zaratu ce ta raba gardamar ta dafa muku ita gaba ɗaya.

Dabarunka ma daga rayuwarmu ka tsamo su. Ka ce duk wanda yake so ya gane mafarki, to ya riƙa duban yatsunsa a duk lokacin da yake wanke hannu a alwala, ya tambayi kansa ko a farke yake. Idan abin ya zame masa jiki, wata rana zai yi alwala a mafarki, ya ga yatsun sun ƙaru ko sun manne, nan take zai gane. Ka kuma lura cewa barcin da ake komawa bayan sallar asuba shi ya fi kawo irin wannan mafarkin. Limamin unguwarku ya ce shi dai bai taɓa ganin likitan da yake rubuta wa mutane barcin safe ba sai kai.

Ni ban zo wajenka a matsayin mai bincike ba. Ƙanena Yunus ya fita da motar shanu ta hanyar Gamboru a shekarar 2014, daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Ba gawa, ba waya, ba wanda ya ce ya gan shi. Mahaifiyarmu Ya Kellu ta hana a yi masa sadaka, ta hana a taɓa ɗakinsa a gidanmu na Wulari, ta ce ba za ta binne ɗan da ba ta ga an wanke ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta taɓa mafarkinsa ba ko sau ɗaya, ni kuwa yakan zo mini a kai a kai. Wata rana ta kama hannuna ta ce, "Kai da yake zo maka, ka tambaye shi mana. Yana raye ko ya mutu? Ina so in sani kafin in tafi." Da wannan aiken na zo ƙofarka.

Ba ka yi mini alkawarin komai ba. Ka ce za ka koya mini yadda zan kai ga tambayar, amma ba za ka iya rantse mini cewa wanda zai amsa Yunus ba ne. Na ji haushin wannan maganar a ranar, na ce maka kai da iliminka duk ba ku da tausayi. Kai kuwa sai ka ƙara mini shayi.

Na yi kusan shekara ina duban yatsu kamar mai neman ƙaya. Sai wata safiya abin ya faru. Na ga kaina a kasuwar shanu, na dubi hannuna na ga yatsu shida, na san barci nake. Ga Yunus tsaye da hularsa a karkace yadda ya saba. Na nufe shi, na miƙa masa hannu na gaishe shi da Kanuri, na ce wushe. Ya ce wushe. Na ce ya gajiya, ya hanya, ya zafi, ya mutanen da kake tare da su, ya ƙarfin jiki. Yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau, lafiya lau. Ban kai ƙarshen gaisuwar ba na farka.

Da na ba ka labari ka yi dariya har hawaye suka zubo maka, sannan ka ga fuskata ka daina. Ka ce ba ni kaɗai ba ne, kusan duk ɗan Borno da ka koya wa haka yake yi, ya sha wahala ya kai ga baƙonsa, sai ya ƙarar da mafarkin a gaisuwa, domin an tarbiyyantar da mu cewa rashin kunya ne ka tambayi mutum abu ba ka tambayi gidansu kaf ba. Na ce to ai ya amsa mini, ya ce lafiya lau yake. Ka girgiza kai ka ce, "Kashim, a garin nan ko wanda ake ƙara wa ruwa a gadon asibiti lafiya lau yake cewa. Wannan ba amsa ba ce." Ashe a lokacin ma kai kanka ka fara zuwa wankin ƙoda, muna gaishe ka kana ba mu irin wannan amsar, mu kuma muna karɓa.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ba ka kai ga ƙarshen tambayarka ba. Ka tara amsoshin baƙin barci daga bakin mutane da dama. Wani ɗan kasuwa ya tambayi baƙonsa ko shi wane ne, baƙon ya ce masa, "Kai fa?" Wata malamar asibiti ta roƙi marigayiyar kakarta ta faɗa mata abin da ba ta sani ba, kakar ta ce ta je ta ɗaura ɗankwali tukuna. Ka ce a duk abin da ka ji, ba ka samu baƙo ko ɗaya da ya faɗi wani abu wanda mai mafarkin bai riga ya sani ba. Amma ka ce rashin samu bai zama hujjar babu ba, kuma akwai labarai biyu ko uku da suka hana ka sakat. A ziyarata ta ƙarshe, kana kwance muryarka ta dusashe, ka ce da Allah zai ara maka shekara biyar da ka san abin da za ka gwada. Na ce zai ara maka har ashirin. Ka yi murmushi kawai.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan, domin babu wanda zan kai wa shi sai kai, kai kuma ba ka nan. Bayan an yi sadakar bakwai ɗinka, na koma barci bayan asuba, sai na gan ka a gindin darbejiyar ƙofar gidanka, ka miƙe ƙafa a kan tabarma, jikinka ya murmure. Yunus yana zaune kusa da kai yana zuba shayi. Na dubi hannuna, na gane. Wannan karon na danne tarbiyyar da aka yi mini, ban ce wa kowa wushe ba, na tsaya a kanku na ce, "Yunus, kana raye?" Bai amsa ba. Ya dube ka, kai kuma ka matsa gefe ka buɗa mini wuri a kan tabarmar. Ban zauna ba. Na farka gumi ya jiƙa mini riga.

Na yi niyyar in bar abin a cikina, amma Ya Kellu ba a ɓoye mata fuska. Ta sa ni gaba har na faɗa mata. Ba ta tambaye ni abin da ya ce ba. Tambayarta ɗaya ce: "Tabarma ɗaya suke zaune da Dakta?" Na ce e. Ta ja carbinta, sannan ta kira matata ta ce a jiƙa gero, a sanar da dangi, ranar Juma'a za a yi wa Yunus sadaka. Ta ce wanda ya zauna da mamaci a shimfiɗa ɗaya ya sha shayi da shi, ai ba sai an tambaye shi ba.

Dakta, na san abin da za ka ce. Za ka ce mutum biyu na rasa, zuciyata ta haɗa su wuri ɗaya don nan ne ya fi mata sauƙin ajiye su. Za ka ce wannan ba hujja ba ce. Na buɗe baki in faɗa mata haka, sai na ga kafaɗunta sun sauka a karon farko cikin shekara goma sha ɗaya, na kasa. Kai ne ka iya faɗa wa mutum gaskiya ba tare da ka ƙwace masa abin da yake riƙe da shi ba, ni ban iya ba. Da kana nan da na ɗauko ka a mota na kawo ka gabanta, ka zauna ka yi mata doguwar gaisuwar nan da Kanurinka mai daɗi, ka san yadda za ka yi da mu duka biyun. An yi sadakar. Mutane sun cika gidan, an dama gumba, an yi addu'a, an buɗe ɗakin Yunus an share. Mahaifiyata tana barci yanzu, ni ne na koma kwana da tambayar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zaratu, wadda ta yi haƙurin zama da mutumin da baƙi suke cika wa zaure tun kafin a ɗora tukunya, da 'ya'yanka Hindu da Mu'mina da ƙannensu, da ɗalibanka, da dukan waɗanda suka koma barci lafiya ta dalilinka, Musulminsu da Kiristansu. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku a bayansa.

Allah ya jiƙanka, Hisham. Allah ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, ya yalwata maka kabarinka, ya sanyaya maka shi, ya sa amsar da ka nema ka rasa a duniya ka same ta cikin rahama. Idan Yunus yana inda kake, Allah ya gafarta muku ku biyun, ya haɗa mu da ku a Aljanna. Idan kuma yana wani wuri a bayan ƙasa yana numfashi, to ya Allah ka dawo mana da shi mahaifiyarsa tana da rai, ya shigo gidan Wulari da ƙafarsa, ya tarar mun riga mun ci gumbar sadakarsa, mu rasa inda za mu sa fuskarmu don kunya. Amin.