Mashin ɗin da Ya Ce Tawada Ta Ƙare

Ni ce ƴar fari a gidanmu, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana son ruwa, sai ya dubi bango ya ce, "A ce wa yarinyar nan ta kawo buta." Ni ma ban saba ɗaga ido a gabansa ba. A hannun Kaka na tashi, mahaifiyarsa, wadda zana ɗaya ya raba gidanta da namu a Tanut, kuma duk maganar da ke tsakanina da shi ta bakinta take bi. Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, haka muka tarar ana yi.

Baba sakatare ne. Bayan babban farin da ya kashe dabbobin Damargu, wani furoje, shirin taimakon makiyaya, ya buɗe biro, wato ofis, a garin, suka ɗauke shi aikin buga takardu. Da wannan aikin muke ci, mu da Kaka da ƙannena huɗu. Ina ajin farko na kolej aka kawo musu ordinata, wato kwamfuta, da wani mashin da ke buga abin da aka rubuta a cikinta. Mashin ɗin yana aiki da ruban, wato siririn ƙyalle baƙi mai jiƙe da tawada, naɗe cikin ɗan akwatin roba. In yana bugu, ƙararsa kamar ana yage sabon yadi.

Ni ke kai wa Baba fura in an tashe mu da rana. Sai in ajiye ƙwaryar bayan ƙofa, in zauna a bakin benci ina jiran ya gama. Ba mai kula da ni, ni kuwa ina kula da kome: yadda yake goge yatsunsa kafin ya taɓa maɓallai, yadda yake cewa bisimilla a hankali kafin ya kunna.

Wata rana wani mutum ya zo daga Yamai da faya-fayai baƙaƙe cikin ambulan. Ya ce tsarin da ke cikin ordinatar ya tsufa, zai zuba sabo. Ya kwana biyu, ya sayi cuku, ya tafi. Daga nan abin ya soma. Mashin yana cikin bugu sai ya tsaya cak, wani koren rubutu ya fito a gilashin ordinatar da Faransanci: ruban ya ƙare, a sake wani.

Baba mutum ne da ya yi rayuwarsa yana bin abin da aka rubuta. In takarda ta ce a yi, to an gama magana. Sai ya buɗe murfin mashin, ya cire ruban, ya sa sabo, ya rufe, bugu ya ci gaba. Bayan kwana biyu ko uku rubutun ya sake fitowa. Wanda ya cire kuwa ba ya iya jefarwa, don a gidanmu ko gwangwanin tumatir ba a yar da shi. Sai ya sa a jaka ya kawo gida, ya tara cikin wani buhu a ɗakinsa. Na taɓa jawo bakin ƙyallen guda ɗaya. Kwana uku yatsuna suna baƙi.

Ranar da na gane abin, Talata ce. Rubutun ya fito, Baba ya ɗaga murfi, kafin ya cire kome sai shef, wato shugaban biron, ya ƙwala masa kira daga ɗakinsa. Ya mayar da murfin ya fita da sauri. Murfin na rufuwa, koren rubutun ya ɓace. Mashin ya ɗauka daga inda ya tsaya, shi kaɗai, da tsohon ruban ɗinsa, ya buga shafin har ƙasa, baƙi ƙirin. Sannan ya yi shiru.

Baba ya dawo fuska a ɗaure, da alama an yi masa faɗa, sabon ruban a hannunsa. Bai dubi takardar ba. Ya buɗe, ya cire, ya sa. Na buɗe baki. Akwai mai gadi a ɗakin, da wasu Buzaye biyu masu jiran katinsu. Ƴar fari ta gyara wa ubanta aiki a gaban maza? Na ɗauki ƙwaryata na fita.

Da la'asar na faɗa wa Kaka, tana tsince gero a faifai.

"To, ƙawata ta zama makaniki," in ji ta. "Gobe sai ki gyara mini gwiwa."

"Kaka, da gaske nake. Ba ruban ba ne. In an buɗe murfin an rufe, shi ke nan."

"Murfin tukunya na sani. Bari ubanki ya shigo gaisuwa."

Da ya shigo, na koma bayan zana na tsaya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta tambaye shi aiki, sannan ta ce, "Yarinyar nan ta ce wai ƙarfenka ƙarya yake maka."

"Wane ƙarfe, Inna?"

"Mai kukan nan. Wai tawadarsa ba ta ƙare ba."

Baba ya yi ƴar dariya, ta gajiya. "Inna, Nasara ya ƙera shi, mutumin Yamai ya gyara shi. Shi ya san cikinsa. Ki ce mata ta riƙe karatunta."

Kaka ba ta ambaci murfin ba. A wurinta ba shi ne maganar ba. Ina tsaye, tsinken zana yana sukar kafaɗata, kalmar tana bakina. Taku uku ne tsakanina da shi. Ban yi su ba.

Kafin wata biyu, ruban ɗin da aka ce zai kai su damina ya ƙare. Shef ya ce ba mashin da ke cin ruban haka. Wani ya raɗa masa cewa ana ganin Baba yana fita da su a jaka. Baba da kansa ya ɗauko buhun ya kai biro, don a ga bai sayar da ko ɗaya ba. Shef ya jawo ƙyallen guda, ya shafa a farar takarda, ya ɗaga wa kowa ya gani.

"Wannan ne ya ƙare, Malam? Sabbi kake cirewa kana tarawa, sai ka sami mai zuwa Damagaram ya sayar maka?"

Mai gadi ne ya ba Kaka labarin. Ya ce Baba bai ce kome ba sai, "Mashin ne ya rubuta." Aka yi dariya. Ran nan ya dawo gida kafin in kai fura.

Aka ɗauki wani saurayi a madadinsa. Ba a yi mako ba rubutun ya fito masa, ga shi ba sabon ruban ko ɗaya a kabad. Ya yi ta buɗe mashin yana rufewa cikin haushi, sai ya ga ya tashi. Daga baya mutumin Yamai ya dawo da wani faifai, ya ce ai kuskure ne a sabon tsarin, ya faru a wasu wuraren ma. Ya gyara shi kafin shayi ya dahu.

Da labarin ya iso, Baba ya shigo wurin Kaka ba lokacin gaisuwa ba. Ina wanke kwanoni a gefe. Ya daɗe a durƙushe.

"Inna, ran nan me yarinyar nan ta ce?"

"Ga ta nan," in ji Kaka. "Ni na tsufa da aike."

Na juya fuskata ga randa na faɗa, tun daga kiran shef har shafin da ya fito baƙi. Shi ne karo na farko da na yi masa magana mai tsawo haka.

"Murfin kawai?" Randar shi ma yake kallo.

"Murfin kawai, Baba."

Washegari ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya tafi biron. Shef ya karɓe shi a tsaye, ya ce abin da ya wuce ya wuce, amma wurin yana da mutum yanzu. Bai ce ya yi haƙuri ba.

Da ruwan farko ya sauka, Baba ya kwashe mahaifiyata da ƙannena suka koma Gangara, wurin gonar da ya bari tun yana saurayi. Ni aka bar ni wurin Kaka saboda kolej. Na raka su tasha ɗauke da tabarmi. Da motar ta tashi, ya leƙo ta tsakanin ƙarafa yana yi wa Kaka sallama, hannunsa riƙe da sabuwar hauya, irin riƙon wanda bai saba ba.