Bahaguwar Da Ta Tsare Mini Baya

Na Allah ne mu, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, bakwai ga watan jiya, da hantsi, mijinki ya kira ni a waya, ya yi ta maimaita sunana ya kasa ƙarasa magana. Sai daga baya na ji cewa kin yanke jiki kin faɗi a gefen raga kina koya wa yara bugun ƙwallon tanis, kuma kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Duniya ta san ki da Bahaguwa, gwanar tanis da ta yi shekaru tana riƙe da kofin ƙasa, wadda in ta ɗaga hannun hagu 'yan kallo ke yin tsit. Ni kuwa Yaya nake ce miki. Ni ce abokiyar wasanki a gasar 'yan bibbiyu, kuma na san abin da jaridu ba su rubuta ba.

Ana gobe wasan ƙarshe na babbar gasar da muka taɓa zuwa, kafaɗata ta kumbura har ban iya ɗaura ɗankwali. Shugaban tawaga ya kira mu ofis, bai ko dube ni ba.

"Wannan ta tashi aiki," ya ce miki. "Ki fita wasan bibbiyun, ki adana ƙarfinki don gasar 'yan ɗaiɗai."

Kika ce, "Ranka ya daɗe, tare muka zo. In ta ce za ta iya, zan shiga da ita."

Ya rantse zai cire ki daga tawagar baki ɗaya. Kika ɗora raket ɗinki na buga ƙwallo a kan teburinsa, kika tsaya. Can ya turo miki shi da bayan hannu.

A fili, abokan karawarmu suka gano raunina, kowace ƙwallo ni suke aiko wa. Muka sha kashi a zagayen farko. Da aka tafi hutu na cusa fuska a tawul na ce, "Yaya, mu haƙura." Kika fizge tawul ɗin kika ce, "Ke, share fuskarki. Tsaya gaban raga ki tare wadda ta zo miki. Bayan fili nawa ne."

Haka kika yi ta zarya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Kika faɗi, gwiwa ta fashe, kika miƙe kina ɗingishi. A makin ƙarshe ƙwallo ta taso sama, ta nufo ni. Na ɗaga hannun da ya ƙi ɗaguwa na maka ta. Ta sauka a kan layi. Kowa ya zuba wa alƙalin wasa ido, har ya ce ta shiga. Muka ci wasan.

Wannan gwiwar ba ta sake komawa daidai ba. Ita ta raba ki da gasa kina kan ganiyarki, kika koma koyar da 'ya'yan mutane. Har kika bar duniya ba ki taɓa goranta mini ba, ko da wasa.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, da 'ya'yanki, da mahaifiyarki da wannan rashi ya riske ta cikin tsufa, da yaran da kika faɗi a gabansu. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.