Dakalin Baba Ilu

Jiya da la'asar ina zaune a dakalin maƙwabcinmu Baba Ilu ina mai da numfashi, sai ga shi ya fito fuska a ɗaure.

Tunda asma ta sa ni gaba, likita ya ce in riƙa hutawa a hanya in na taso daga lambu a Tiga. Dakalin nan ne zangona.

Ya ce, "Sani, kullum kana ƙofar gidana kana haki. In Larai kake so, turo magabatanka."

'Yarsa bazawara fa!

Na ce, "Wallahi Baba, ƙirjina ne."

Ya ce, "Haka nawa ya yi lokacin da nake neman uwarta."

Jama'a, in sauya dakali ko in turo? Inuwar wajen akwai daɗi.