Ranar da Tela Ta Kasa Tashi

Ranar da maƙwabciyata Tela ta tuɓe matar mai gidan hayarmu, ina wurin. Ta durƙusa tana daidaita mata bakin siket, allura a baki. Da ta zo tashi, ƙugu ya ce bai san zancen ba. Ta kai hannu neman madafa, sai ta cafko siket ɗin, shi kuwa ba a sa masa zif ba tukuna. Suuu, har ƙasa. Ga ƙofar shago a buɗe, ga mai gyaran famfo yana wucewa. Na yi dariya har da dafa bango.

Da na san abin da ke cikin ƙugun nan, da na rage.

Tun da na san Tela ba ta iya zaman banza ba: ƙafa a kan keken ɗinki, baki a kan mutane. Shekara goma sha shida da suka wuce ta yi ciwon daji a mahaifa, aka yi ta gasa wurin da hasken na'ura har ciwon ya mutu. Ta warke ras. Da keken nan ta biya wa 'ya'ya uku makaranta har suka gama.

Bayan abin siket aka yi mata hoto. Wani dajin ne kuma, a ƙashi, daidai inda hasken ya bi. Likita ya ce ba kasafai ake ganin haka ba, amma gashin nan ne sila. Za a yanke wani ɓangare na ƙashin ranar Litinin. Ko ƙafar za ta sake taka keke, bai yi alkawari ba.

Tun daga nan kujera ta zame mata ƙaya. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa titi, ta dawo, ta warware ɗinkin da bai yi laifin komai ba. Keken kuwa ya sha mai har ya gaji.

Jiya na same ta tana cusa kaya a jakar asibiti, tana fitarwa, tana mayarwa. Ni kuma bakina ba ya jin birki.

Na ce, "Yaya, mutanen da suka gasa ki har ƙashi, su za ki sake miƙa wa ƙugu? Ko kifi ba ya komawa kasko da ƙafarsa."

Ta dube ni sama da ƙasa kamar za ta auna ni.

"Ɗinkin da ya yi shekara goma sha shida kafin ya farke, ba a zagin telansa. Riƙe mini jakar nan. In sun gama da ƙuguna zan roƙi ragowar zaren, a gwada a bakinki."