Ranar da Aka Shiga Ɗakin Ciki da Katinmu

Kawuna, ƙanen Inna, yana da tabo daga gefen ido har kunne, kuma a gabana aka yi masa shi. Na zo hutu daga jami'a, na raka shi wani ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum, inda masu sayen zinari ke kafa rumfa kusa da injin niƙa dutse. Ya miƙa ɗan dunƙulen zinarinsa, wanda bai fi ƙwayar wake ba. Mai saye ya ce sikelin waje iska na kaɗa shi, bari ya auna a ciki. Ya shige bayan zana, ya fito ya mayar wa Kawu wani abu mai kama da nasa, ya ce ba mai kyau ba ne.

Ba zan ce na ga komai da komai ba, don na runtse ido a wani wurin. Na dai ga zanar ta faɗi, Kawu ya danne mutumin yana buga ƙeyarsa da ƙasa. Wani daga cikin mutanen mai sayen ya ɗauko guntun ƙarfen inji ya zabga masa a fuska. Jini ya rufe masa ido, amma bai saki wuyan ba sai da zinarinsa ya faɗo daga cikin hular mutumin.

A kan babur, yana danne raunin da hularsa, ya ce mini, "Ka gani, ɗan boko? Kayana ba shi shiga bayan zana, ko da ubana ne ciki."

Shekaru bayan haka, ina aiki a sakatariyar Anka, idanun Inna suka fara mutuwa. Likita a Sakkwato ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma wani abu ne ya ɓalle a bayansa, ana iya ceto shi in an yi sauri, amma ba a nan ba. Ya ambaci Alƙahira. Aka kai shanu kasuwar Gummi, Kawu ya ƙara da zinarinsa. A lokacin bankuna sun fara ba da kati mai aiki a ƙasashen waje, ni kuma ina tsoron tafiya da kuɗi a jiki, sai na je Gusau na zuba duka a kati da sunana, na sa hannu a bayansa kamar yadda suka ce. Har yau ina ganin shawarar ba ta da laifi, ko da yake ba kowa a gidanmu ya yarda da haka ba.

A cikin jirgi Kawu ya juya katin gaba da baya.

"Kuɗɗin suna ciki ko ba su ciki?"

Na ce ta wata fuska suna ciki, amma in an bi a hankali ba a cikinsa suke ba, suna banki, shi katin kamar shaida ne.

"To, suna ciki," in ji shi. Ya tura shi aljihun 'yar cikinsa, bai ƙara ba ni ba.

Ranar aikin idon muka bar Inna a ɗaki a bene, an sa mata rigar asibiti, ba ta ci komai ba tun jiya. An gaya mana sai an biya za a shiga da ita, kuma likitan zai bar gari da azahar, ba zai dawo da wuri ba. Idon kuwa ba ya jira. Muka sauko wurin biya. Kashiyan wani siririn mutum ne mai tabarau, yana zaune bayan gilashi. Kawu ya fito da katin da kansa, ya tura ta ƙaramar kafar, yatsansa na kan gefensa har sai da mutumin ya ɗan ja.

Kashiyan ya duba katin, ya ce da Turanci na'urar gabansa ba ta karɓar na ƙasar waje, wadda ke karɓa tana ofishin ciki inda layin waya yake. Ya miƙe. Na juya zan fassara wa Kawu, ina neman yadda zan fara don kada ya ɗauka wani abu ne, sai ƙofar ciki ta rufe.

"Ina za shi da shi?"

"Kawu, ai na'urar ce..."

"Ina za shi da shi, nic ce!"

Akwai ƙaramar ƙofa a gefen kantar. Ƙafa ɗaya ya sa mata. Ta daki gilashin, gilashin ya zube a kan mutanen da ke layi, wata mata ta kwarma ihu. Kafin in tsallake tarkacen har ya shiga. Na iske ya shaƙe kashiyan da wuyan rigarsa ya haɗa shi da bango. Ya kai masa karo da goshi. Na ji ƙarar hancin, ƙara ce da ba na son tunawa. Tabarau ya rabu biyu, jini ya sauko wa mutumin har aljihu. Kawu ya fizge katin daga kan tebur ya dunƙule hannu a kai.

Masu gadi suka shigo da kulake. Su a ganinsu ɗan fashi ne, kuma ban ga yadda za su ga wani abu dabam ba. Na farko ya same shi a kafaɗa, na biyu a gwiwa, ya durƙusa, ya kama ƙafar ɗaya ya kayar da shi a kan kujera, ya cije shi a hannu. Suka rufe shi da duka. Ina ta cewa namu ne, katinmu ne, da Turanci, da guntun Larabcin makarantar allo, ina jin har da Hausa. Da na ga kulki ya nufi tsohon tabon nan, sai na sa hannuna na dama a kan kansa. Ban yi tunani ba, da na yi mai yiwuwa da ban sa ba. Yatsuna biyu suka lanƙwashe ta inda ba sa lanƙwasa.

Suka kwantar da shi rub da ciki, ɗaya ya taka masa wuya, ɗaya yana taka dunƙulallen hannun da takalmi don ya buɗe. Bai buɗe ba. Ana cikin haka na'urar da ke kan tebur ta fara ƙara, ta turo 'yar takarda. Ashe kashiyan ya riga ya goga katin kafin a shigo masa.

Shugaban sashen ya zo, wani dattijo mai ƙiba. Ya fara cewa mu kwashe marar lafiyarmu mu bar musu asibiti. Na roƙe shi, ban san ma abin da na faɗa ba. Daga baya ya ce ko ya yarda, biyan bai cika ba sai mai kati ya sa hannu a takardar, an gwada da wanda ke bayan katin. In bai yi daidai ba za a soke.

Na durƙusa kusa da fuskar Kawu. Leɓensa ya fashe, haƙori ɗaya babu.

"Kawu, ni ne. Don Inna."

Ya dube ni da idon da bai kumbura ba. "Riƙe shi da hannunka, ɗan boko. Kada ka sakam masu."

Ya buɗe. Katin ya ɗan lanƙwashe, gefensa ya yanke masa tafin hannu. Na riƙe shi da hagu, na soke biro tsakanin babban yatsa da kumburarrun. Abin da na zana bai yi kama da sa hannuna ba, ni kaina ba zan karɓa ba. Dattijon ya duba, ya girgiza kai, ya miƙa takardar ga kashiyan, wanda ke zaune da auduga a hanci. Bai iya gani sosai ba, babu tabarau, sai da ya matso da fuskarsa dab da katin, ni kuma ban saki ba. Ya daɗe. Sannan ya yi magana da Larabci, abin da na tsinta shi ne, ni ne mai katin, a gabansa aka karya hannun. Ya buga hatimi. Ban san dalilinsa ba, ban kuma sami ƙarfin halin tambayarsa ba.

Aka shiga da Inna kafin azahar, 'yan sanda kuma suka tafi da Kawu. Na gaya mata ya ɗan samu matsala da mutanen ƙasa. Wasu ɗalibai 'yan gida da ke karatu a birnin suka yi ta kai da komo, har kashiyan ya haƙura aka sako shi.

Ganin Inna a hankali ya dawo, haske tukuna, sannan inuwar mutane. Ranar da Kawu ya shigo yana ɗingishi, ta kai ga gane fuska in an matso. Ta kamo kunnuwansa biyu ta jawo shi, ta bi kumburin da kallo, ta tsaya a giɓin haƙorin.

"Kai! Har ƙasar mutane ma?"

"Yaya, ciki yash shiga da shi."

Ba ta sake shi ba. Ta juya fuskar dama, ta juya ta hagu, tana ta kallo.